Saƙon da Malam Rao Ya Janye

Da Likita Tan Shulan ta fito daga ɗakin haihuwa, ta wanke hannu ta zaro wayarta daga aljihun farar riga, furanni ta fara gani. Jajayen furanni a jere, da manyan yatsu a ɗage, da hannaye a haɗe, kowanne da jimla ɗaya a gefensa: "Na ƙaru, Malam." Ta yi ta jan allon tana ƙirgawa har arba'in da uku. Can a samansu, inda ya kamata ta tarar da abin da aka ƙaru da shi, sai wani siririn layi mai ruwan toka: Malam Rao ya janye saƙo.

Ta tsaya a baranda da wayar a hannu, ruwan damina yana dukan kwanon asibitin. Ta sake ja sama, ta dawo ƙasa. Babu komai. Tambayarta ce a sama, wadda ta tura ƙarfe takwas na safe kafin a kira ta wajen mai naƙuda, sai amsoshi bakwai ko takwas na waɗanda suka fara gani, sai layin tokar, sai furanni.

Zauren hirar waya ne na tsofaffin ɗaliban Malam Rao, mutum ɗari biyar cif, don manhajar ba ta ɗaukar fiye da haka. Akwai masu jira a waje shekara biyu, sai wani ya fita ko ya mutu. Ga likita irin Shulan, a ƙaramin asibiti kan duwatsun Yunnan na ƙasar Sin, tafiyar awa huɗu daga babban asibitin gunduma, zauren nan shi ne ɗakin karatunta, shi ne kuma babban likitan da za ta leƙa ofishinsa. Ana yawan yabon waya da cewa ta kai ilimin birni har ƙauye. Ta kai, babu musu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ta kai shi ne tare da duk ladubbansa, ba ta bar ko ɗaya a hanya ba. Idan Malam ya yi magana, ana gode masa. Wanda ya yi jinkirin godiya ana lura da shi. Idan kuma Malam ya janye maganarsa cikin mintuna biyun da manhajar ta yarda, to ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba, kuma ba a tambaya.

Tambayar tata a kan mai gado na shida ce. Namiji, shekara sittin da takwas, kwana shida yana zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani. Allurar kashe ƙwayoyin cuta kwana huɗu ba ta taɓa shi ba. Gwajin jini ya nuna hanta ta fara kuka, ƙwayoyin tsayar da jini suna raguwa kullum. Huhu lafiya. Fata: babu komai. Haka ta jera su. Abin da ba ta rubuta ba shi ne, mai gado na shida Tsoho Duan ne, mahaifin mijinta.

Mijin nata, Weiping, yana zaune kan benci a ƙofar ɗakin marasa lafiya, yana juya sigarin da ba a yarda ya kunna ba. Da ya gan ta ya miƙe.

"Me suka ce?"

"Sun ce abubuwa da yawa."

"Shulan, direba ya ce ƙarfe biyu motar asibiti za ta sauka gunduma. In ruwan nan bai tsaya ba, gobe hanya ta toshe, sai kuma yadda ta yiwu. Mu tafi da shi ko mu bar shi?"

"Ka ba ni lokaci. Malam ya yi magana."

Fuskarsa ta saki. Ko Weiping, wanda sana'arsa gyaran babura, ya san sunan Malam Rao. "To me ya ce?"

"Shi nake nema."

Ya bi ta da kallo, bai gane ba. Ita ma ba ta gane ba, don haka ba ta tsaya yi masa bayani ba.

Matsalar ita ce, kowace hanya da ramin da ke cikinta. In ta sa tsohon a mota, awa huɗu ce ta gargada da jininsa da ke ƙasa, can kuma za su fara gwaje-gwaje daga farko, kwana biyu kafin wani ya yanke shawara. In ta riƙe shi a nan tana ɗura masa maganin da ba ya aiki, rana ta bakwai da ta takwas ba za su yi mata uzuri ba. Shi kuwa tsohon ya riga ya faɗi nasa tun jiya: ba zai je birni ya mutu a hannun yaran da ba su san sunan kakansa ba.

Ta koma kan amsoshin farko. Wani likitan ciki ya ce, damina ce, tsoho ne na kan dutse, ki tambaye shi naman kazan daji, wato laimar kwaɗi, da ya ci. Ta tambaya tun ranar farko. Tsoho Duan shekara hamsin yana tsintar naman kaza a dajin bayan gari, ya san mai dafi kamar yadda ya san ’ya’yansa, kuma abin da ya ci duk gidan sun ci. Wani ya ce taifot. Wani ya ce ciwon jini, a gaggauta. Wata ta turo maƙala mai shafi goma sha huɗu ba tare da ta ce uffan ba. Babu wanda ya ambaci cizon ƙwaron ciyawa, mai barin baƙin tabo a fata, kuma Shulan ba ta yi mamaki ba. Ita ma ta yi tunaninsa ta ajiye, ai ta rubuta musu cewa fata babu komai.

Ta duba jerin masu godiya. Na uku a ciki shi ne shugaban asibitinsu, Darakta Kuang, wanda ofishinsa taku ashirin ne daga inda take.

Ta same shi yana zuba ruwan zafi a kwalbar shayinsa.

"Darakta, ka ji saƙon Malam na ɗazu?"

"Na ji mana. Ba ki ga na amsa ba?"

"Na gani. Me ya ce?"

Kuang ya rufe kwalbar, ya buɗe, ya hura. "Ya ce a tura shi gunduma."

"Haka ya ce?"

"Ƙaramar Tan, me kuma zai ce? Tsoho, kwana shida, jini yana faɗuwa. Ko ni ne Malam abin da zan ce ke nan."

"Rubutu ne ko murya?"

Ya sake hura shayin. "Murya... ina jin murya ce."

"Kana jin?"

"Ina cikin taro ne ta bidiyo da mutanen gunduma, wayar tana ƙarƙashin tebur. Ba zan kunna murya a gabansu ba ai. Na ga yara sun fara amsawa, na ce kada a ce asibitinmu ba shi da ladabi." Ya kurɓi shayi. "Amma ma’anar ke nan. Ki cike takardar turawa. In wani abu ya same shi a nan, ke da ni ne za mu yi ta rubuta bayani har sabuwar shekara. Kuma surukinki ne, kin san bakin mutane."

Ta fito da abu ɗaya da ba ta shiga da shi ba: saƙon murya ne. Wataƙila.

Wadda ta fara godiya kuwa Pu Haiyan ce, abokiyar ɗakinta a makarantar likitanci, yanzu tana babban asibitin gunduma. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"’Yar kan dutse! Kin tuna da mu?"

"Yaya Pu, ke ce ta farko da kika amsa wa Malam."

"Kullum ma ni ce ta farko. Shekara uku ina riƙe da kambun nan, wata yarinya daga sashen ido tana son ƙwace mini."

"Me ya ce?"

"Af. Ba ki ji ba?"

"Ina karɓar haihuwa."

"Mace ko namiji?"

"Yaya Pu!"

"To, to. Ina cikin lifta mai hawa bene ne, ga mutane kamar an danna su da ƙafa. Na kara wayar a kunne, na ji ya ce ‘Ƙaramar Tan’, sai ƙofa ta buɗe aka turo gadon wani. Na ce bari in amsa tukuna, in na zauna in saurara a nutse. Kafin in zauna ya ɗauke abinsa."

"Wato sunana kawai kika ji."

"Da kyakkyawar murya ya faɗe shi, in wannan zai taimaka."

"To da me kika ƙaru?"

Haiyan ta fashe da dariya har sai da ta yi tari. "Ke dai ba ki canza ba. Saurara, gajere ne, bai kai numfashi uku ba. In da tsawo ne da na ce ya gano cutar. Gajere irin wannan, ko dai ‘ki turo shi’ ne, ko ‘ki canza allura’. Me ya hana ki tambaye shi?"

"Na tura masa a keɓe. Na ce ina gaishe shi, ina fatan yana lafiya."

"Shi ke nan?"

"Me zan ce? Malam, maimaita abin da ka janye?"

"Gaskiya ne, ba a yi. Kuma yau ma yana cikin masu yi wa ɗalibai jarrabawa, ana karɓe musu waya a ƙofa, sai yamma. Bari in turo miki wasu abubuwa."

Abubuwan suka iso kafin ta mayar da wayar aljihu: maƙaloli uku da wani ɗan bidiyo na wani likita mai mabiya miliyan uku, yana nuna allo da sanda yana cewa kada a yi wasa da zazzaɓin damina. Maƙala ta farko ta ce a ƙara ƙarfin allura. Ta biyu ta ce yawan allura ne ke lalata hantar tsofaffi. Ta ukun a kan yara ce.

Ta shiga ɗakin marasa lafiya. Surukarta, wadda take kira Mama, tana goge wa tsohon goshi da tawul. Fuskarsa ta yi ja, idanunsa sun kaɗa, leɓɓansa sun bushe. Ya buɗe ido ya gan ta, ya ja bargo har wuya, kamar yadda yake yi duk lokacin da ta shigo. Shekara goma sha biyu tana gidansa, ba su taɓa zama kan benci ɗaya ba. In za ta miƙa masa kwanon shinkafa, kan tebur take ajiyewa.

"Baba, yaya kan?"

"Yana nan inda kika bar shi."

Ta auna zafin. Arba'in saura kaɗan. Ta fita.

Ƙarfe goma sha ɗaya wani baƙo ya nemi ta karɓe shi a keɓe. Hotonsa dutse ne da kogi, irin na maza masu shekara hamsin. Ya ce yana zauren, ya ji saƙon Malam da kunnensa, Malam ya ce a koma kan wata sabuwar allura, ya rubuta sunanta. Shulan ta tambaye shi a wane asibiti yake. Ya ce ba a asibiti yake ba kai tsaye, amma yana tare da likitoci sosai, kuma in asibitinsu ba su da allurar zai iya sa a kawo gobe. Ta rufe hirar.

Da ta koma zauren, ta tarar an ci gaba ba da ita ba. Wani matashin likita daga can kudu ya rubuta dogon saƙo mai take, Darussa Uku da Muka Koya Daga Malam a Yau. Na ɗaya, a riƙa ɗaukar tarihin mara lafiya da kyau. Na biyu, kada a raina zazzaɓin da ya wuce kwana biyar. Na uku, likita ya kasance mai tawali'u. A ƙarƙashinsa furanni sun fara taruwa. Na ƙaru. Na ƙaru. An taƙaita da kyau. Na ƙaru.

Ta karanta darussan sau biyu. Shin yaron ya ji ne, ko ƙirƙira ya yi? In ya ji, ta yaya darussa uku suka shiga cikin numfashi uku? In kuma bai ji ba, me ya sa ko ɗaya daga cikin arba'in da ukun bai ce ba haka ba ne? Sai wani tunani ya zo mata wanda ya fi sauran muni: wataƙila duk sun ji, ita kaɗai ce ba ta ji ba, kuma abin da Malam ya faɗa abin kunya ne a kanta, shi ya sa kowa yake kewaye-kewaye. Ta zauna kan matakala. Ta lura yatsanta ya riga ya kwafo "Na ƙaru" yana shirin mannawa a ƙarƙashin darussan ukun. Ta goge.

Weiping ya zo ya tsaya a kanta. "Sha biyu ta wuce."

"Na sani."

"Kin samu?"

"Darakta ya ce Malam ya ce a tura shi. Yaya Pu ta ce ko a tura ko a canza allura. Wani mai sayar da magani ya ce a sayi nasa. Wani yaro ya ce in yi tawali'u."

"Duk Malam ɗaya ne ya faɗi wannan?"

"A numfashi uku."

"Ni fa ban yi karatu ba," in ji Weiping, "amma in babur ya ƙi tashi, ba na tambayar mutum ɗari biyar."

"Baba ba babur ba ne."

"Ban ce shi ne ba."

Ya tafi. Ita kuwa ta buɗe jerin mutanen zauren tana bi ɗaya bayan ɗaya, ba don tana da wata dabara ba, sai don hannunta yana son abin yi. Hotunan fararen riguna, hotunan jarirai, duwatsu da koguna. Can kusa da ƙarshe ta ga wani hoto wanda ba komai a cikinsa sai rabin goshi da silin ɗaki. Goggo Leng.

Goggo Leng ba ɗalibar Malam Rao ba ce. Tsohuwar likitar ƙauye ce, daga zamanin da ake koya wa mutum aikin wata shida a ba shi jaka a ce je ka. A ƙauyenta aka ajiye Malam Rao yana saurayi, lokacin da ake tura ’yan birni karkara, ita ta fara nuna masa yadda ake riƙe sirinji. Shi ya saka ta a zauren da hannunsa. Ba ta taɓa rubuta ko harafi ɗaya a ciki ba, ba ta taɓa tura fure ba, kuma akwai masu ƙorafi a ɓoye cewa ta tare wa wani gurbi. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Shulan ta taɓa kai mata ziyara ta ga yadda take yi: wayar tana rataye a wuyanta da igiya, duk saƙon muryar da ya shigo sai ta danna shi nan take, da ƙarfi, kaji da aladu su ma su ji.

Sai da wayar ta yi ƙara sau tara aka ɗauka.

"Wa ke nan? Yi magana da ƙarfi, ina wajen aladu!"

"Goggo, Tan Shulan ce, ta asibitin kan dutse."

"Matar ɗan gidan Duan? Kin ci abinci?"

"Na ci, Goggo," ta yi ƙarya. "Goggo, ɗazu da safe Malam Rao ya turo murya a zaure..."

"Ƙaramin Rao? Na ji shi. Sau biyu ma na ji kafin ya ɓace. Muryarsa ta tsufa, yana shan taba har yanzu, ko?"

Shulan ta miƙe tsaye. "Me ya ce a yi?"

"Bai ce a yi komai ba."

"Goggo?"

"Tambaya ya yi. Shi ya sa na yi ta mamaki da jikata ta dawo ta karanta mini wai duk sun ƙaru. Na ce da me? Mutum ya yi tambaya, ba a ba shi amsa ba, ana ta ba shi fure kamar ya mutu."

"Wace tambaya?"

"Ya ce, ‘Ƙaramar Tan, wannan fata babu komai da kika rubuta, kin cire masa wando kuwa?’ Shi ke nan."

Ruwan ya ci gaba da dukan kwano.

"Kina nan?"

"Ina nan. To... me ya sa ya janye?"

"Haba ’yar nan. Gaban mutum ɗari biyar zai tambayi ɗalibarsa ko ta duba mara lafiyarta? Ya faɗa, ya ji yadda ta fito, ya ɗauke. Na san shi, zai ce bari in tura mata ita kaɗai, sai a kira shi wani wuri ya manta. Haka yake tun yana yaro. Ya taɓa barin wata mata da ƙurji kwana uku don yana jin nauyin ya ce ta ɗaga riga. Ni na ɗaga." Aka ji ƙarar bokiti. "To, kin cire?"

"Na duba wuya, da hammata, da baya, da bayan kunne. Na tambaye shi ko akwai ciwo a ƙasa, ya ce babu."

"Ba ya ciwo ai. Ba ya ƙaiƙayi. Shi ya sa ake dubawa."

"Na sa mijina ya duba."

"Mai gyaran babur?"

"Goggo, surukina ne."

"Oho," in ji Goggo Leng. "Shi ƙwaron an gaya masa?"

Ɗaya saura kwata. Likita namiji ɗaya da suke da shi yana kwas a birni. Darakta Kuang ya shekara tara bai taɓa jikin mara lafiya ba, kuma in ta kira shi sai ta fara bayyana masa abin da ta rubuta ba ta gani ba. Ta kira Mama gefe ta yi mata bayani a hankali: wani baƙin ɓawo ake nema, ƙarami, kamar an ɗosana wa mutum wutar sigari, a inda fata ke naɗewa tana gumi. A ja labule, Mama ta duba, ta ɗauki hoto ta turo.

Mama ta shiga bayan labule da wayarta. Aka ji tsohon yana gunaguni, ita kuma tana cewa ya yi shiru, shekara arba'in da biyar me ya rage da ba ta gani ba. Hoto na farko ya iso: fankar silin. Na biyu: babban yatsan Mama. Na uku ya fito sarai, sai dai Shulan ta daɗe tana kallonsa ba ta gane abin da take gani ba. Fata ce fara sol, sumul, tana sheƙi, babu gashi, babu tamoji, babu tabo ko ɗaya. Cinyar jariri ce a jikin mutum mai shekara sittin da takwas.

"Mama, wannan Baba ne?"

"Wa kuma zai zama?"

"Kin ga wani abu da idonki?"

"Ban zo da tabarau ba. Ai kin ce hoto."

Shulan ta miƙa hannu ta bayan labule ta karɓi wayar. Kyamarar tana kan gyaran fuska, an kai shi maƙura, yadda Mama ke so in za ta tura hotonta zauren ƙawayenta na rawa. Duk wani tabo da ya shiga gabanta, wayar share shi take yi don ladabi. Ta nemi inda ake kashewa, ta shiga nan ta fita can, wayar ta ƙara wa cinyar jan kumatu.

Ta ajiye ta kan tebur.

"Baba," ta ce daga bayan labule, "dole in duba da kaina."

Mama ta leƙo tana zare ido. Weiping, da ke bakin ƙofa, ya juya ya fuskanci baranda.

Can muryar tsohon ta fito, a dushe. "A takardunku, me kuke ce mini?"

"Gado na shida."

"To ki duba gado na shida. Ni ba na nan." Aka ji motsi. Da ta ɗaga labulen, ya rufe fuskarsa da hular kabarsa ta zuwa daji.

Ba ta fi minti ɗaya ba. Yana nan a matsematsin hagu, can cikin naɗin fata, ƙasa da inda igiyar wando ke zama: baƙin ɓawo kamar ƙwayar wake, da jan zobe kewaye da shi. A gefensa kaluluwa ta kumbura kamar ƙwan tattabara. Cizon ɗan mitsitsin ƙwaron nan ne na cikin ciyawa, wanda ke hawan mai tsugunne yana tsintar naman kaza. Tun tana aji huɗu ta san hotonsa. Allurar da ta yi kwana huɗu tana ɗura masa ba ta taɓa irin wannan cutar. Maganinta wata ƙwaya ce da ake kira doksi, tana nan a kantar ɗakin magani, a layin ƙasa, kusa da maganin tsutsar ciki.

Ta mayar da bargon, ta ja labule, ta je ta ɗauko da kanta.

Darakta Kuang ya tare ta a baranda da takardar turawa a hannu. "Direba yana jira."

"Ya tafi. Baba zai zauna."

"Malam ya ce a tura shi."

"Malam bai ce ba."

"Kin ji saƙon ne?"

"A'a."

"To ta yaya kika san bai ce ba?"

Ta buɗe baki, ta ga tsawon hanyar da za ta bi kafin ta kai shi inda take, ta rufe. "Zan sa hannu cewa ni na riƙe shi. In zuwa jibi zafin bai sauka ba, ko a bayana ne zan saukar da shi."

Motar ta tafi ƙarfe biyu da minti biyar. Washegari ƙasa ta zame ta rufe hanya a lanƙwasa ta goma sha ɗaya, kamar yadda direban ya faɗa. Ranar nan Shulan ta auna zafin tsohon sau tara, ma'aunin yana hawa yana sauka kamar yana mata wasa, kuma duk sanda ya hau sai ta ga Weiping yana kallon hanyar da babu. Malam Rao ya amsa gaisuwarta da yamma: yana lafiya, ya gode, yana fatan aiki yana tafiya daidai. Bai ambaci komai ba. Ita ma ba ta ambata ba.

Da safiyar jibi tsohon ya nemi taliyar shinkafa da yaji. Ya ci rabin kwano, ya fara faɗan cewa kwana takwas ke nan, maƙwabcinsa ya gama kwashe masa naman kazan gindin itacen da ya ɓoye shekara ashirin. Da Shulan ta shigo ya ja bargo har wuya. Ta ajiye masa ƙwayoyinsa kan tebur.

Sai ta fita baranda ta buɗe zauren. Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa. A ƙarshe ta bar shi gajere. Mai gado na shida ya samu sauƙi, cizon ƙwaron ciyawa ne, ga hoton ɓawon. Layin da na rubuta cewa fata babu komai ba gaskiya ba ne. Ban duba duka ba, na rubuta kamar na duba, kuma duk wanda ya ba ni shawara a kan wannan layin ya gina. Ina neman afuwa.

Ta tura. Ta ɗora yatsa a kan saƙon. Tana da minti biyu in za ta janye.

Pu Haiyan ce ta farko, cikin daƙiƙa huɗu. Na ƙaru, Likita Tan, da fure. Sai yarinyar sashen ido. Sai Darakta Kuang daga taku ashirin. Sai yaron darussa uku, sai mai dutse da kogi. Suka yi ta sauka kamar ruwan kan kwano, ashirin, talatin, ba ta ga wanda ya ɗauki lokacin da zai ishi mutum karanta layi huɗu ba. Ta rasa ko daɗi za ta ji ko haushi. Ta tona kanta a gaban mutum ɗari biyar, kuma da alama babu kowa a wurin.

Sai ga sunan Malam Rao. Na ƙaru, Likita Tan. Da fure ɗaya.

Ta ƙura wa layin ido. Yabo ne? Zolaya ce irin tasa? Ko shi ma yana cikin wani taro ne da waya a ƙarƙashin tebur, ya ga yara sun fara amsawa? Har waƙafin da furen iri ɗaya ne da na wanda ke samansa. Tana cikin wannan lissafi Mama ta ƙwala mata kira daga ciki, wai tsohon yana tambaya ko an yarda ya ƙara yaji. Da ta sake duba wayar, minti biyun sun wuce.